Takin Zamani Da Iskar Da Ke Tashi Daga Gona

Manoman Anka da Gummi da Bukkuyum sun san amfanin takin zamani. Abin da ba kowa ya sani ba, ba dukkan takin da aka zuba ne shuka ke ci ba. Wani ruwa ke wanke shi, wani kuwa iska ya ke zama.

Abincin shukar da ke cikin yuriya sunansa naitirojin, shi ke sa ganye ya yi kore shar. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 nasa. A cikin ƙasa akwai ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. In taki ya fi ƙarfin shuka, ƙasa kuma ta jiƙe sharkaf, sai su juya saura ya zama wata iska, ana ce da ita naitiras oksaid. Wannan iska tana tare zafin da ya kamata ya fita daga duniya, tana kuma shekara fiye da 100 a sama.

Masanan Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta a 2021, kilo ɗaya nata daidai ya ke da kilo 273 na iskar kabon. A lissafinsu kuma, kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na naitirojin da aka zuba ta nan ya ke tserewa. Watau buhu guda ya kan jawo ɗumi kamar kilo 100 na kabon. Abin ya fi tsanani a fadamun Gulbin Zamfara, inda ruwa ke kwanciya ya janye, ya sāke kwanciya. Ƙarin zafi kuwa shi ke rikita damina.

To, ga magani. Manomi ya raba takinsa biyu: kashin farko mako biyu bayan shuka, na biyu wajen mako shida. Kada ya watsa yuriya bisa ƙasa, rana ta ci rabonta. Ya tona ɗan rami tazarar yatsu huɗu daga gindin dawa ko masara, ya zuba, ya rufe. In hadari ya haɗu ƙwarai, ya dakata. Ya riƙa juya gona da gyaɗa ko wake, gama su kansu suna tara naitirojin a saiwarsu.

Wanda ya kiyaye wannan, kuɗinsa ba su bi iska ba, rumbunsa kuma zai shaida.