Fasali a kan tsoron da ya wuce kima da yadda ake horar da shi

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya tsoro a zuciyar bawa domin ya zamo mata mai gadi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ka sani, ya kai ɗan'uwa muridi, Allah ya datar da mu da kai, ba haufun da malamanmu suke gwama shi da raja'u muke nufi a nan ba, ba kuma tsoron manomin da ya ga kububuwa a kunya ya ja da baya ba, domin wannan hankali ne. Abin nufinmu shi ne tsoron da ya fi abin tsoron girma, mai shi ma ya san ya fi, amma ya kasa mallakar kansa. Likitoci suna kiransa fobiya, kalma ce ta Yunananci. Alamarsa ita ce ya rataya ga abu guda sananne, kamar kare ko tsawa ko wuri mai bisa ko ɗaki ƙuntatacce ko jini, ya taso duk sa'ad da aka gamu da abin, ya daɗe wata 6 ko fiye, kuma ya tare wa mutum maslaharsa. Sai ka ga mutum ya shekara da shekaru yana tara guzurin hajji, ya janye saboda jirgin sama, ko saboda allurar sanƙarau da hukumar Saudiyya ta wajabta wa alhazai.

Kada ka ce da irin wannan imaninsa ne ya yi rauni, kada kuma ka gaggauta jingina abin ga aljannu. Akwai mai raya dare, mai yawan azumi, wanda kyankyaso yake sa shi makyarkyata. Gori ba ya ƙara masa kome sai ɓoyewa.

Asalin abin a jiki yake. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan curi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ana ce musu amigdala, su ne ke buga kuge tun tunani bai iso ba. Sai wasu halittu da ke bisa ƙoda su zubo wa jini sinadarin adirenalin, zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya gajarce, baki ya bushe, gumi ya keto. Wannan tashi yana kai maƙurarsa cikin 'yan mintoci, sa'an nan ya sauka da kansa in mutum ya tsaya. To amma mai tsoro ba ya tsayawa, gudu yake yi, kuma da ya gudu sai ya ji sanyi nan take, sai nafsu ta riƙe cewa gudun ne ya cece ta. Gobe tsoron ya fi na yau. Gudu shi ne abincin wannan ciwo.

Magabata sun riga sun gane haka. Abu Zaidi al-Balkhi, almajirin al-Kindi, wanda ya rasu a shekarar 934 ta miladiyya, ya yi babi a kan tsoro da firgici cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfusi, ya yi nuni da cewa mai tsoro ya riƙa sabar wa idonsa da kunnensa abin da yake ƙi, a kai a kai, har su saba. Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam mutumin Sudan, ya mai da sashin da ya shafi rai zuwa Ingilishi a 2013. A Amurka kuwa, a 1924, Mary Cover Jones ta yi wa wani yaro ɗan kimanin shekara uku maganin tsoron zomo: tana ba shi abincin da yake so, ana matso da kejin zomon kaɗan kaɗan, kwana bayan kwana, har ya kai ga shafa shi. Joseph Wolpe na Afirka ta Kudu ya tsara hanyar cikin littafinsa na 1958. Daga baya Lars-Göran Öst a Suwidin ya nuna cewa masu tsoron abu guda da yawa suna samun sauƙi mai yawa a zama ɗaya da bai wuce awa 3 ba, a hannun ƙwararre.

Kai muridi ba baƙon wannan hanya ba ne, domin tadriji ne. Shaihu ba ya shigar da sabon shiga halwar kwana arba'in ranar da ya karɓi ɗariƙa. Haka nan mai tsoron allura zai rubuta matakala daga mafi sauƙi zuwa mafi tsanani: ya fara da ambaton sunanta, sa'an nan duban hotonta, sa'an nan riƙe sirinji a cikin ledarsa, sa'an nan zama a ƙofar ɗakin allura, sa'an nan kallon ana yi wa wani, sa'an nan ya miƙa nasa dantsen. Sharaɗi shi ne ya tsaya a kowane mataki har ya ga abin da yake tsammani bai auku ba kuma bugun zuciya ya lafa, ya maimaita kwanaki da wurare dabam-dabam kafin ya hau na gaba. Sharaɗi na biyu, da yardarsa za a yi. Masu jefa wa yaro ƙadangare a jiki ko kulle shi a ɗaki mai duhu wai don ya yi jarumta, taki suke zuba wa ciwon.

Idan ka ce: ina matsayin zikiri da addu'a a nan? Sai mu ce: ka yi su, su ne guzurin himma. Amma ka lura da wata dasisa ta nafsu. In ka rufe ido ka dunƙule kana jan carbi da gaggawa don kada ka ga abin, to gudu ne ka yi alhali ƙafarka tana wurin, kuma nafsu ba ta koyi kome ba. Ka ambaci Ubangijinka idonka a buɗe, kana duban karen.

Tanbihi. Tsoron jini da allura ya saɓa wa sauran, domin a cikinsa ƙarfin gudun jini faɗuwa yake yi bayan ya tashi, shi ya sa mai shi yake suma. Wannan ba a ce masa ya saki jiki. Sai ya ɗaure naman hannuwa da ƙafafu da ƙirji daƙiƙa 10 zuwa 15 har ya ji ɗumi a fuska, ya sassauta daƙiƙa 20 zuwa 30, ya maimaita sau 5. Ya kuma gaya wa mai allurar tun farko don a yi masa a kwance.

Amma magungunan gida, mataimaka ne, ba su tumɓuke saiwa. Mafi amfaninsu jan numfashi a hankali ta hanci, fitarwa ta fi shaƙa tsawo, da tafiyar ƙafa kullum, da isasshen barci. Wanda ya kwana a zawiya bai runtsa ba kada ya hau sabon mataki da safe. Goro da shayi mai kauri da gahawa duk suna ɗauke da kafeyin, mai sa bugun zuciya da rawar hannu, sai mai tsoro ya zaci tsoron ne ya taso. A rage su. Shayin babunaj an jarraba shi ga masu yawan damuwa an ga ɗan sauƙi, amma ba ya cire tsoron kare. Ƙwayoyi irin su diyazefam kuwa suna kwantar da jiki na 'yan sa'o'i, jiki yana sabawa da su har ya kasa bari, kuma nafsu takan jingina tsirarta ga ƙwayar. Kada a sha sai da umarnin likita.

Wanda zuciyarsa ke bugawa ba sababi, yana rama, wuyansa ya kumbura, a duba maƙoƙonsa a asibiti. Wanda firgicinsa ya biyo bayan hari ko ganin kisa, ciwonsa dabam ne, kada 'yan'uwa su hau da shi matakalar nan a gida. A kai shi ga likitocin ƙwaƙwalwa, kamar na Kaduna ko Kware ko Maiduguri. Wanda kuwa kare ya ciza, kada a jira sai ya fara tsoron ruwa, domin wannan alamar ciwon haukan kare ce, in ta bayyana kusan ba a tashi. A wanke raunin da sabulu da ruwa minti 15, a tafi neman allurar rigakafi a ranar.

Allah ne mafi sani.