Sayen Bargo Da Adana Shi

Hunturu yakan shigo a watan Nuwamba, ba ya wucewa sai Fabrairu. Sanyin asuba yana wahal da yara da tsofaffi. Saboda haka mu tanadi bargo tun da kaka, kafin ya yi tsada.

In mun je Babbar Kasuwar Kaduna, wadda yanzu ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, za mu ga barguna iri iri. Akwai na ulu, da na zaren roba, da gwado, saƙar masaƙanmu. Kada launi ya ruɗe mu, araha ba ta ado. Mu warware bargon, mu ɗaga shi wajen haske. In haske yana ratsa shi ƙwarai, sanyi ma zai ratsa. Mu duba ɗinkin bakinsa. Mu auna tsawonsa, kada ya kasa kamu huɗu.

A gida mu riƙa shanya shi a rana kowane mako, muna kakkaɓewa, saboda ƙuma da kuɗin cizo. Mu wanke shi da sabulu da ruwan sanyi, gama ruwan zafi yana sa ulu ya tsuke. Kada mu kai shi kusa da wuta, na roba nan da nan yakan narke ya ƙona mutum. Kada mu rufe fuskar jariri da shi.

In sanyi ya wuce, mu wanke shi, ya bushe sarai, mu ajiye a akwati da kafur don maganin asu.

Tambayoyi

1. Yaya za mu gane bargo mai kauri?
2. Don me muke shanya bargo?