Shaye-shaye: Gado Ne Ko Kuwa Zama Da Maɗaukin Kanwa?

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali, Ya haramta masa abin da ke gusar da shi. Bayan haka, mutane sun daɗe suna tambaya, shin mashayi gadon shaye-shaye ya yi, ko kuwa abokan zama ne suka ɗora shi a kai?

Malaman kimiyya sun ce duka biyun suna da hannu. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna cewa kimanin rabin haɗarin kamuwa da jarabar giya daga jini yake. A shekarar 1973 wani likita, Donald Goodwin, ya bi diddigin yaran ƙasar Denmak waɗanda aka ba da riƙonsu tun suna jarirai. Ya tarar 'ya'yan mashaya sun fi sauran faɗawa cikin jarabar har wajen ninki huɗu, ko da yake ba su tashi a hannun iyayensu ba. Akwai kuma gadon da ke tsare mutum. Mutanen Sin da Japan da Koriya da yawa jikinsu ba ya iya narkar da gubar giya, da sun kurɓa sai fuska ta yi ja, zuciya ta tashi, saboda haka mashaya suka yi ƙaranci a cikinsu.

Amma fa gado ba hukunci ba ne. A lokacin yaƙin Biyetnam kusan kashi 20 cikin ɗari na sojojin Amurka da aka bincika sun kamu da jarabar hodar hiroyin. Da suka koma gida, suka rabu da fagen fama da dillalan ƙwaya, kimanin kashi 5 cikin ɗari kaɗai na waɗanda suka kamu ne suka koma ruwa a shekarar farko. Ashe wurin zama yana iya kunna wutar, yana kuma iya kashe ta.

Shari'a ta lura da raunin ɗan Adam, shi ya sa haramcin giya ya sauko daki-daki, daga Suratul Baƙara zuwa Nisa'i, kana Ma'ida ta yanke hukunci. Ya kuma tabbata a Buhari cewa Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya hana a la'anci wani mutum da aka sha yi wa bulala saboda giya, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa.

Saboda haka gidan da aka san akwai wannan rauni a cikinsa, wajibi ne su ninka tsaro, kada yaro ya ɗanɗana ko da sau ɗaya, a kuma san abokansa. Wanda ya riga ya faɗa, a kai shi asibiti, a raba shi da tsohuwar majalisarsa, kada a kore shi, domin kora tana mayar da shi hannun waɗanda suka ɓata shi. Allah Ya kiyashe da zuriyar Musulmi, amin.