Yadda Gidauniyoyin Lafiya na Birtaniya Ke Zaɓen Binciken da Za Su Ɗauki Nauyinsa

A shekarar 1936 wani attajiri mai kamfanin haɗa magunguna, Henry Wellcome, ya rasu a Landan, ya bar wasiyyar a danƙa kamfaninsa ga amintattu, a riƙa kashe ribarsa wajen binciken lafiya. Da a ƙasar Musulmi aka yi haka, da wakafi za a kira shi, domin an tsare asalin dukiya, ana ciyar da amfaninta. Gidauniyar Wellcome tana nan har yau cikin manyan masu ɗaukar nauyin bincike a duniya. Akwai kuma waɗanda suka dogara da taro da sisin jama'a, kamar gidauniyar ciwon zuciya ta British Heart Foundation da aka kafa a 1961, da ta cutar daji, Cancer Research UK, wadda ta samu daga haɗewar ƙungiyoyi biyu a 2002. Dukansu matsala guda ke gabansu kowace shekara: masu nema sun fi abin da ke cikin asusu yawa.

Kwamitin masallaci da ke rabon hatsin zakka yana iya zuwa gidan mabuƙaci ya gani da idonsa. Wanda aka miƙa wa takarda mai shafi talatin a kan yadda wata ƙwayar cuta ke kauce wa magani ba shi da wannan dama. Yana iya zama mutumin kirki, mai tsoron Allah, amma ba zai bambance binciken da aka tsara da kyau da wanda aka ƙawata da lafazi ba. Saboda haka waɗannan gidauniyoyi suka raba aikin tara dukiya da tsare ta daga aikin tantance ilimi.

Galibi gidauniya takan fara sanar da fannin da take son a bincika. Mai nema ya rubuto tambayar da yake son amsawa, da hanyar da zai bi, da mutum nawa zai gwada a kansu, da abin da zai kashe. A aika takardar ga masana na waje, sau da yawa a wasu ƙasashe, su rubuto ra'ayinsu ba tare da an bayyana sunayensu ga mai nema ba. Daga nan kwamitin masana ya zauna, ya tattauna, ya ba kowace takarda maki, a jera su daga sama zuwa ƙasa, a ja layi inda kuɗi ya ƙare. Amintattu su ke sa hannu a ƙarshe, amma ba kasafai suke ɗauko ta ƙasa su ɗora a sama ba. Ƙungiyar da ta haɗa waɗannan gidauniyoyi, AMRC, wadda aka kafa a 1987, ta sanya irin wannan tantancewa sharaɗin zama mamba, tana kuma bin diddigin mambobinta duk bayan shekara biyar.

Abin da ya fi cancantar 'yan kwamitocinmu su tsaya a kansa shi ne ƙa'idar kauce wa son kai. Idan takardar da ake dubawa ta fito daga jami'ar wani ɗan kwamiti, ko daga ɗalibinsa, ko abokin aikinsa, sai ya faɗa, ya tashi ya fita daga ɗakin har a gama, a kuma rubuta fitarsa cikin bayanin zama. Ba a jiran sai an zarge shi. Kujerar kwamiti ma wa'adi gare ta, domin kada mutane ƙalilan su dawwama suna yanke hukunci har ra'ayinsu ya zama shi kaɗai ne ƙofa. A wurinmu, inda kunya kan hana a ce wa babba ya ba da wuri, rubutacciyar ƙa'ida ce za ta ɗauke wa kowa nauyin faɗa.

Masana kansu suna da inda idonsu ba ya kaiwa. Wani nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2000 ya nuna cewa yawancin gwaje-gwajen ciwon gwiwa a kan magunguna ake yin su, alhali masu ciwon da masu kula da su suna son a ƙara bincikar motsa jiki da tiyata da ilimantar da majinyaci. Irin wannan giɓi ne ya sa aka kafa James Lind Alliance a 2004. Takan tara majinyata da masu jinyarsu da likitoci, su fitar da tambayoyi goma da suka fi damunsu game da cuta guda, gidauniyoyi kuma su duba jerin kafin su sanar da fannin da za su tallafa. A 2009 Iain Chalmers da Paul Glasziou suka ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na abin da ake zubawa a binciken lafiya yana tafiya a banza, ko don an yi tambayar da aka riga aka amsa, ko tsarin ya gurgunce, ko ba a buga sakamakon ba. Ƙiyasi ne, ana iya jayayya da adadin, amma ya ƙara ƙarfafa al'adar tambayar mai nema abin da aka riga aka sani, da wajabta masa bayyana sakamako ko da bai zo yadda aka so ba.

Ta fuskar shari'a, zakka tana da masu cin ta guda takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma yawancin malamai ba sa shigar da ayyukan maslahar jama'a irin wannan cikinsu. Wakafi da sadaka su ne mazauninsa, muddin bai saɓa wa sharaɗin wanda ya yi wakafin ba. Idan wata rana likita ya kawo wa kwamitinku buƙatar tallafi don bincike a kan sikila, cutar da Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita, a fara duba takardar wakafin a ga ko ta ba da dama. Sannan a nemi masana biyu ko uku da ba su da alaƙa da shi su karanta, a tambaye shi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin da zai yi aikin, a ji ta bakin iyayen yaran da ke fama da cutar, a kuma riƙa sakin kuɗin kashi-kashi gwargwadon rahoton da ya kawo.