Ƙadangaren hamada da zafin rana

Manomi, ka san damo sarkin haƙuri. To, a duwatsun Ayar, wajen Agadas, akwai wani ƙadangare mai ƙaya a wutsiya da ya fi shi haƙurin zafi.

Jikinsa ba ya yin ɗumi da kansa, ba ya kuma yin zufa. Da safe yana fitowa fatarsa ta yi duhu, don ta sha rana da sauri. In jiki ya ɗumama, sai fatar ta yi haske. Rana tsaka yana buɗe baki yana haki, ko ya shige rami.

Ruwansa cikin ganyen da yake ci yake. Fitsarinsa fari ne mai kauri, shi ne farin da kake gani jikin kashin ƙadangare. Gishirin da ya yi yawa ta hanci yake fita. Kitse kuwa a wutsiya yake ajiye shi.

Amma duniya tana ƙara zafi. In ƙadangare ya wuni ɓoye, bai ci ba. Macen da ba ta ƙoshi ba ba ta yin ƙwai sosai. A 2010 masana sun nuna cewa a Meziko, cikin kowane wuri 100 da aka san wasu ƙadangaru a 1975, sun ɓace daga 12.

Ƙadangarun gonarka suna cin fara da gara. Ka bar masu inuwa. Ka yi sassaben zamani, ka raya sabara da kalgo da gawo. Kada ka ƙone daji.