Kula da Lafiya a Shekarar Farko ta Jami'a

Ɗalibin da ya taso daga Gaya ko Ajingi ya samu gurbi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda aka kafa a 2001, ko ta tarayya da ke Dutse, yakan fara shan wahala ne ta wajen abinci, domin tuwon gida ya yanke, taliyar leda da garin kwaki sun maye gurbinsa. Waɗannan suna cika ciki, amma furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka, ya yi ƙaranci a cikinsu, don haka ya kamata guzurin ɗalibi ya haɗa da wake da ƙuliƙuli da busasshen zogale, waɗanda ba su da tsada a ƙauye kuma ba sa saurin lalacewa.

Cunkoson ɗakin kwana ya fi matsalar abinci haɗari. Sanƙarau, wato kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, yakan yaɗu ta numfashi a watannin zafi na Maris da Afrilu, shi ya sa barin taga a buɗe yake da muhimmanci, kuma zazzaɓi mai haɗe da sandarewar wuya na buƙatar zuwa asibitin makaranta nan take, ba kemis ba. Da damina kuwa gidan sauro wajibi ne.

Barcin awa 7 zuwa 9 ya fi kwanan karatu amfani ga hadda, kuma shan tiramadol don hana gajiya, abin da wasu abokai kan kwaɗaitar, yakan zama jaraba mai wuyar bari, yawansa kuma yana haddasa farfaɗiya.