Yini Ɗaya a Yankari, Zai Yiwu?

Maman Amina daga Gombe ta ce aiki zai kai maigidanta Bauchi, tana tambaya ko za su iya bin sa da yara su ga Yankari, su dawo a ranar.

To Hajiya, zai yiwu, amma sai da sammako. Daga garin Bauchi tafiyar kusan awa biyu ce. Ku je da rani, domin da rani ne dabbobi ke taruwa a bakin Kogin Gaji shan ruwa. Giwaye kam sai an dace. Yara za su more wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Sai dai ku ɓoye abinci, gwaggon birin Wikki ba ya jin kunya. Ku kamo hanya kafin magariba.